Kafar ruwan da aka daina aiki da ita: toshe baki kaɗai bai isa ba

 Yau batun ruwa za mu taɓa, amma ba batun nemansa ba. Batun ƴan kafofin nan ne da ruwa ke fita ta cikinsu a da, yanzu an daina aiki da su: robinen da ya lalace aka ɗaure shi da robar taya, bakin tiyon da aka cusa wa tsumma, hudar gindin tano da aka toshe da ƙodagon goriba, da kuma kafofin feshi na tsohon bahon wanka irin na zamani, wanda injinsa ya mutu.

Kowa ya iya toshe huda. In ruwa ya daina zuba, sai mu ce aiki ya yi. To amma ido baki kaɗai yake gani. Bayan toshiyar nan akwai tiyo, cikin tiyon kuma akwai ruwan da ya kwanta, ba ya gaba ba ya baya. Wannan ruwan shi ne matsalar. Wanda ya toshe baki ya bar tiyo cike, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba. Za mu fara da bahon zamani, don shi ya fi nuna abin a fili, sannan mu dawo bisa kayan ruwan da ke cikin gidajenmu da garakenmu.

Mene ne bahon feshi?

Wanda ya taɓa aikin gini ko aikin otel a manyan birane ya san shi. Wasu ƴan uwa kuma sun sa shi cikin gidajen da suka gina a Maraɗi, Yamai ko Kano. Baho ne babba da mutum ke kwantawa ciki, jikinsa da ƴan kafofi zagaye masu feso ruwa da ƙarfi, suna bugun baya da ƙafafu kamar tausa. Jama'a na ce masa jakuzi.

Sunan na wani iyali ne, Jacuzzi, ƴan asalin Italiya da suka yi ƙaura zuwa Kalifoniya a Amurka, suka kafa kamfaninsu a 1915. Sun yi suna wajen ƙera injinan jan ruwa na noma. Ɗaya daga cikinsu, Candido Jacuzzi, ɗansa na fama da ciwon gaɓoɓi, sai ya ƙera ɗan inji da ake tsomawa cikin ruwan wanka yana motsa shi. A 1956 aka fara sayar da injin. A 1968 kuma Roy Jacuzzi ya fito da bahon da aka gina kafofin feshin a jikinsa, irin wanda ake gani yau.

Yadda yake aiki ba wuya. Can ƙasa akwai kafa guda mai zuƙo ruwa. Inji ya ja ruwan, ya tura shi cikin tiyoyin da suka zagaye bahon ta ɓoye, ya fito ta kafofin feshi. Ruwan da mutum ke ciki shi ke ta kewayawa, da sabulunsa, da dauɗar jiki, da man gashi. In an gama wanka aka zubar, ba duka ke fita ba. Akwai saura da ke kwana cikin lanƙwasar tiyo da cikin injin.

A ƙasarmu irin wannan baho ba ya daɗewa yana aiki. Yana son lita 150 zuwa 300 kafin ruwa ya rufe kafofin, wato bido 6 zuwa 12 na lita 25. Yana son wutar lantarki tsayayya. In injin ya ƙone, kayan gyaransa ba su samuwa ko'ina. Sai a bar shi, a koma tsayawa ciki ana wanka da bokiti, ko a mayar da shi wurin wanki. Kullum ruwan dauɗa na shiga kafofin, ba abin da ke fitar da shi. Daga nan sai wari, sai wani baƙin abu mai yauƙi ya fara lekowa. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Abin da ke faruwa cikin mataccen reshe

Masu aikin ruwa na da suna ga tiyon da ruwa ke shiga amma ba ya da mafita. Da Faransanci ce masa suke mataccen hannu. Mu mu kira shi mataccen reshe, don layin ruwa kamar icce yake, da gindi da rassa.

Abu uku ke faruwa ciki. Na farko, maganin javel da aka sa wa ruwa don kashe ƙwayoyin cuta ba ya dawwama. In ruwa ya tsaya, cikin ƴan kwanaki ƙarfinsa ya tafi, zafi kuma na ƙara gaggauta tafiyarsa. Na biyu, yauƙi na kama bangon tiyo ta ciki, irin santsin da mata ke ji a hannu in randa ta kwana biyu ba a wanke ba. Randa ana iya sa hannu a cuɗe ta, tiyo kuwa hannu ba ya shiga. Cikin yauƙin nan ƙwayoyin cuta ke fakewa su hayayyafa. Na uku shi ne ɗumi. Tiyon da ke kwance bisa rairai ko bisa rufin ɗaki a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce awo 40 a jihar Maraɗi, ruwan cikinsa na ɗumama kullum, ya huce da dare, ya sake ɗumama.

Akwai wata ƙwayar cuta da ke matuƙar son irin wannan wuri, sunanta Lejiyonela. Tana yaɗo in ɗumin ruwa na tsakanin awo 20 da 45, tana mutuwa in ya wuce awo 60. An gano ta bayan abin da ya faru a Filadelfiya ta Amurka cikin Yuli 1976, inda tsoffin sojoji suka yi taro a wani otel. Fiye da mutum 200 suka kwanta da ciwon huhu mai tsanani, 34 suka rasu. Sai a Janairu 1977 masu bincike suka ga ƙwayar, aka sa mata suna daga sunan ƙungiyar tsoffin sojojin.

A Fabrairu 1999 kuma, a garin Bovenkarspel na ƙasar Holan, an yi bikin baje kolin furanni. Wani mai sayar da bahon feshi ya cika nasa da ruwa ya kunna don masu kallo. Mutane ba su shiga ciki ba, wucewa kawai suka yi ta gefensa suna shaƙar tururin. Fiye da 180 suka kamu, fiye da 20 suka rasa rayukansu.

Ku lura da wannan: yawanci ba ta hanyar sha take kama mutum ba, ta hanyar shaƙar ƙananan ɗigon ruwa ne, irin wanda shawa ko feshi ke watsawa cikin iska. Kuma ba a saba ɗaukarta daga mutum zuwa mutum ba. Ta fi tsanani ga wanda ya haura shekara 50, da mai shan taba, da mai ciwon huhu ko ciwon suga, da wanda jikinsa ya raunana. Akwai kuma wata ƙwayar daban da ke zama cikin tiyon baho, tana kawo ƙuraje masu ƙaiƙayi a jiki da ciwon kunne.

Mu da ba mu da baho fa?

Wani zai ce, to mu nan Gulbin Kaba ina ruwanmu da jakuzi? Gaskiya ne, gidajenmu ba shi. Amma mataccen reshe muna da shi da yawa. Ƙauyukan da ke da shato, ruwa na saukowa ta babban tiyo, ya rabu zuwa pampunan unguwa, lakkol, gidan likita da gidajen da suka ja. Pampon unguwa ya lalace an bar shi. Wani ya ja ruwa wurin gini, an gama gini an lanƙwashe tiyon an ɗaure. Wani ya tashi daga gida, robinen ya yi shekara ba a buɗe ba. Duk waɗannan matattun rassa ne.

Bari mu yi ɗan lissafi. Tiyon da faɗin cikinsa ya kai santimita 2 na riƙe kusan lita 1 a kowane mita 3. In tsawonsa mita 30 ne, kusan lita 10 ke nan kwance. Ruwan nan ba ya zama wuri ɗaya har abada. Duk lokacin da ƙarfin ruwa ya hau ko ya sauka, kaɗan daga cikinsa na komawa babban layi, ya gauraya da wanda maƙwabta ke ɗiba.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne zuƙa. In shato ya ƙare ko aka ɗauke ruwa, ruwan da ke cikin layi na gangarawa ƙasa, sai tiyo ya riƙa jan iska ta duk inda ya samu kafa. In bakin da aka toshe da tsumma na kwance cikin taɓo, kusa da makewayi ko turken dabbobi, ba iska kaɗai zai ja ba, har ruwan ƙazantar. In ruwa ya dawo, ya kai shi randunan mutane. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Jiharmu ta san abin da gurɓataccen ruwa ke yi. A 2018 cutar amai da zawo ta ɓarke a yankin Madarunfa, ta kama dubban mutane. A 2021 ta sake dawowa, ta kama fiye da mutum 5,000 a faɗin Nijar, fiye da 150 suka rasu, Maraɗi kuma na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Hanyoyin da najasa ke bi ta shiga ruwan sha suna da yawa. Bakin tiyon da ke kwance cikin taɓo na ɗaya daga cikinsu, kuma shi ne wanda kowane magidanci zai iya rufewa da kansa.

Ga kuma asara. Toshiyar tsumma ko ta roba ba ta hana ɗiga. Ɗigo ɗaya a kowane sakan na zubar da lita 20 zuwa 30 a kwana guda, kusan bido cike. A wata, lita 600 zuwa 900. In bayan kwantar ne, kai ke biya. In gabanta ne, kuɗɗin gari ne ke tsiyaya. Ku tambayi matan da ke jan guga a rijiyoyinmu masu zurfi abin da bido guda ke ci na ƙarfi.

Inda ruwa ke ɗiga kuwa, nan sauro ke samun gida. Cikin zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne kacal. Sauron masassara na son ɗan kududdufin da rana ke bugu. Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da shawara shi kuma ruwan cikin mazubi yake so, tano, tanki, tsohuwar taya, tsohon baho. A 2023 dengi ya kashe fiye da mutum 700 a Burkina Faso. Akwai ma wani sauron masassara ɗan asalin Asiya mai son tankuna da basan-basan na siminti. An fara ganinsa a Afirka a Jibuti a 2012, an same shi a Najeriya a 2020. Ƴar kafar da ba ta wuce ɗan yatsa ba ta ishe shi shiga.

Yadda ake rufe kafofin tsohon baho

Ga mai irin wannan baho, hanya biyu ce. Ko a gyara shi a riƙa kunna shi ana wanke tiyoyinsa a kai a kai, ko a kashe feshin gaba ɗaya ya koma bahon wanka kawai. Tsaka-tsaki shi ne mafi muni.

Abu na farko, wuta. A kashe ta daga tushe, mai aikin lantarki ya cire wayar injin ya rufe bakinta. Wutar gidajenmu bolt 220 ce, ruwa da wuta kuwa ba su haɗa hanya.

Na biyu, a buɗe murfin gefen baho inda injin yake. A kwance tiyoyin a tsiyaye ruwan da ke ciki cikin bokiti. A buɗe taga, a rufe hanci da baki, a sa safar hannu, don ruwan ya daɗe kwance. Abin da ya fi shi ne a cire tiyoyin da injin duka a fitar da su. In akwai wanda hannu bai kai ba, a wanke shi da ruwan javel, a bari ya bushe sarai kafin a rufe bakinsa.

Na uku, kafofin kansu. A kwance fuskar kowace kafa, a goge wurin ya fita tas, ya bushe. Ana sa murfi na musamman mai robar matsewa daidai girman kafar, a ɗaure shi ta baya, a bi gefensa da silikon irin na banɗaki. Kada a manta da kafar zuƙo ruwa ta ƙasa, da ƴan ƙananan kafofin iska in bahon na da su. In ba a samu murfin ba, masu aikin faiba, irin masu gyaran jikin mota ko tanki, suna iya like kafar ta baya su cike ta gaba. Siminti kuwa a bar shi. Jikin baho na lanƙwasawa in mutum ya taka, siminti ba ya lanƙwasa, zai tsage ya bar hanya.

Na huɗu, gwaji. A ba silikon aƙalla awa 24. Sannan a cika baho har ruwa ya wuce kafar da ta fi kowace tsawo, a sa alama, a shimfiɗa busasshiyar takarda ƙarƙashi, a bar shi ƴan awoyi. In ruwa bai sauka ba, takarda ba ta jiƙe ba, aiki ya yi. Ruwan gwajin a kai wa shuka.

Gargaɗi biyu. Kada a toshe wasu kafofi a bar inji na aiki da sauran ba tare da ma'aikaci ya duba ba, don ƙarfin ruwan zai taru ya fasa mahaɗa ko ya wahalar da injin. Kuma kada a taɓa kunna inji in murfin kafar zuƙo ruwa ya karye ko ya fita. Tana iya kama gashi ko fatar yaro ta riƙe shi ƙarƙashin ruwa. A Amurka sai da aka yi doka bisa wannan a 2007 bayan rasuwar yara.

Yadda ake rufe na gida da na garka

Ƙa'idar ɗaya ce: a bi tiyo har inda ya rabu da layin da ke aiki, a yanke shi a can, a rufe kusa da mahaɗa iyakar iyawa. Ba a bakin ƙarshe ake rufewa ba, a gindi ake yi.

In tiyon ƙarfe ne mai zare, akwai bushon mai zare da ake ɗaurawa. Ana naɗa farin zaren nan na teflon a bi hanyar da ake juya bushon, sannan a matse. Masu sayar da kayan pampo a Tasawa, Mayahi da Maraɗi sun san girman da lamba: 15/21 shi ne rabin inci, 20/27 kashi uku cikin huɗu na inci, 26/34 inci ɗaya. Mafi sauƙi, a ɗauki tsohon robinen a tafi da shi kanti. In tiyon PVC ne, a yanke shi daidai, a goge, a shafa gam ɗinsa, a sa murfi. In baƙin tiyon roba ne irin na naɗi, gam ba ya kama shi, yana da nasa murfin mai matsewa da hannu. Ƙona bakin tiyo da wuta a lanƙwashe shi dabarar kwana ɗaya ce, ba ta shekara ba.

Ga tankin roba ko tano, kafar da aka daina aiki da ita tana son mahaɗa mai roba ciki da waje, a ɗaura mata bushon. Kada a yi liƙi da kwalta ko narkakkiyar leda a mazubin ruwan sha. Kuma tanon da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko maganin feshin gona, ko an wanke shi, ba na ruwan sha ba ne.

Ga basan na garka ko komin shayar da dabbobi, a nan siminti ke da amfani. A ciro guntun tiyon da ya ruɓe, a sassaƙe gefen hudar har a kai siminti mai ƙarfi, a wanke, a jiƙa. A kwaɓa awo 1 na siminti da awo 2 ko 3 na rairai mai tsabta, a cusa da ƙarfi ta ciki da ta waje. A rufe da jiƙaƙƙen buhu, a riƙa yayyafa masa ruwa har kwana 7. Simintin da ya bushe da sauri cikin ranarmu, tsagewa yake. Basan ɗin da aka daina aiki da shi sam, a fasa masa mafita don kada ruwan damina ya kwanta, ko a cike shi da ƙasa. Ban da sauro, ruwan da bai wuce tafin hannu ba na iya cin ƙaramin yaro in ya faɗa da fuska.

Kafofin da ba a toshewa

Ba kowace kafa ce ake rufewa ba, kuma a nan mutane kan yi ɓarna da kyakkyawar niyya. Tanki na da kafar rara can sama, inda ruwa ke fita in ya cika, da kafar numfashi da iska ke shiga. In an toshe su, tanki na iya kumbura ko ya lotse. Su raga ake sa musu, irin ta gidan sauro ko ta waya, a ɗaure da kyau. Kafar wanki ta gindin tanki kuma bushon mai kwancewa take so, ba siminti ba, don ta nan ake fitar da laka. Shi ma baho yana da kafar rara kusa da bakinsa, a bar ta yadda take.

Masu tukunyar ɗumama ruwa ta lantarki, ku saurara da kyau. Akwai ɗan bakin da ke ɗiga a jikinta in ruwa ya yi zafi. Ba lalacewa ba ce, aikinsa ke nan, yana rage ƙarfin da ya taru. Wanda ya toshe shi, tukunyar na iya fashewa. In ɗigar ta yi yawa, a canza shi, kada a rufe.

Magudanar banɗakin da ba a shiga kuma tana da ɗan ruwa a lanƙwasarta mai tare wari da kyankyasai. In ya bushe, sai wari ya cika ɗaki. Ko a riƙa zuba mata moɗa ɗaya kowane mako, ko a sa mata murfi mai cirewa.

Wa ke da alhakin yi?

Abin da ke bayan kwantar, ta wajen gida, na mai gida ne. Abin da ke gabanta na masu kula da layi ne. A birane, tun Janairu 2024 kamfanin NDE ne ke rarraba ruwa, shi ya gaji SEEN. A karkara, bisa tsarin dokar ruwa ta 2010, kayan ruwan gari na hannun komin, ita kuma ta kan ba ɗan kasuwa riƙon aikin, tare da ƙungiyar masu amfani da ruwa da ke sa ido. Don haka in kun ga pampon unguwa ya mutu, ko bakin tiyo kwance cikin taɓo, kada kowa ya ɗauki zarto ya yanke da kansa. A gaya wa mai riƙon ruwan, a gaya wa ƙungiyar da mai gari, in ba a motsa ba a kai meri. A nemi a cire reshen daga gindi, ba a sake ɗaure shi da roba ba.

Ga ƴan uwa da ke nesa

Da yawa daga cikinku kun gina gida da guminku, kun ja ruwa, kun sa tanki da shawa, kun kulle kun koma. Gidan da ya yi wata 8 ko shekara a kulle, duk tiyoyinsa sun zama matattun rassa. In akwai mai tsaron gida, ya riƙa buɗe kowane robine sau ɗaya a mako na ƴan mintoci, ya tari ruwan ya ba shuka. In babu, gara a rufe ruwan daga kwantar, a tsiyaye tanki da tiyoyi, a rufe tankin ruf.

Ranar dawowa, kada gajiyar hanya ta sa a faɗa ƙarƙashin shawa kai tsaye. A buɗe taga. A cire kan shawar a jiƙa shi cikin ruwan javel. A buɗe robine a hankali don kada ya yi feshi, a bar ruwa ya gudu har sabo mai sanyi ya zo. A wanke tanki kafin a cika. Kuma javel ba a haɗa shi da komi sai ruwa. In ya gamu da ruwan batir, ruwan tsami ko maganin wanke masai, yana fitar da iskar da ke ƙona huhu.

In kun aiko kuɗɗi a yi gyara, ku ce mai aikin ya turo hoto ta WhatsApp, ba na bakin da ya rufe kaɗai ba, har na wurin da ya yanke tiyon da guntun da ya ciro. Hoton nan shi zai nuna muku ko aikin ya kai gindi.

In kuma wani ya fara zazzaɓi mai zafi da tari da wahalar numfashi da ciwon jiki, kwana 2 zuwa 10 bayan ya yi wanka a gidan da ya daɗe kulle, ko a otel, ko bayan ya kwance tsohon baho, a kai shi gidan likita ba da jinkiri ba, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya wannan labarin. Ba kowane zazzaɓi ba ne masassarar sauro, musamman in an yi gwaji ba a gan ta ba. Ciwon na da magani in an zo da wuri, amma ba maganin masu talla bisa tire ba.

Cikin makon nan, kowane magidanci da kowace uwargida su zagaya gida da garka su ƙirga kafofin ruwansu. Kowace a yi mata tambaya uku: ana aiki da ita? In ba a yi, ina tiyonta ya taso? Da me aka rufe ta? Wadda aka samu da tsumma ko ƙodago, a nemi mai aikin pampo kafin ruwan sama ya sauka ƙasa ta jiƙe. Kuɗɗin bushon bai kai na kwana ɗaya a gadon likita ba. Mu kwana nan, sai wani jiƙon.